Me Ka Tashi da Shi Bayan Fim Ya Ƙare?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya fitar da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan Ya sanya mana ji da gani da zukata domin mu gode Masa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa. 'Yan'uwana maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwanakin baya na kai ziyara gidan wasu dangina bayan sallar isha'i, na tarar da su a falo suna kallon wani fim mai dogon zango, labarin magidancin da Allah Ya buɗa wa sai ya ƙara aure, gidansa ya rikice, daga baya asiri ya tonu cewa amaryar ce take bin bokaye. Da aka gama sai hira ta ɓarke. Uwargidan ta ce ita dai ta ƙara tabbatarwa cewa namiji ba ɗan goyo ba ne, da ya samu kuɗi zai manta da wadda suka sha wahala tare. Maigidan ya ce shi abin da ya gani shi ne rashin haƙurin uwargidan cikin fim ɗin, wadda ta tayar da hankalin mijinta tun kafin amarya ta tare. Budurwar gidan ba ta shiga gardamar ba, domin tuni ta ɗauki hoton ɗinkin da amaryar ta saka ranar kamu tana shirin tura wa tela. Ƙaramin yaronsu, wanda bai wuce shekara goma ba, yana gefe yana maimaita wata baƙar magana da direban cikin fim ɗin yake yawan yaɓa wa mutane. Kakarsu kuwa, da aka tambaye ta, cewa ta yi Allah Ya raba mu da shirka, Ya sa mu cika da imani. Mutum biyar suka zauna gaban allo ɗaya, suka ga abu ɗaya, suka ji magana ɗaya, amma kowa ya tashi da nasa guzurin, kuma babu biyu da suka yi kama.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a raina. Mun saba idan ana zancen fina-finai sai mu fuskanci masu shirya su, mu ce sun ɓata tarbiyya, sun shigo da baƙin al'adu, sun koya wa yara rashin kunya. A cikin wannan zargi akwai gaskiya mai yawa, kuma su ma za su tsaya gaban Allah su amsa tambaya kan abin da suka shuka. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai kallo ba randa ba ne da za a zuba masa ruwa ya riƙe yadda aka zuba. Shi ne yake zaɓar abin da zai kunna, shi ne yake tsayar da wani wuri ya maimaita, shi ne yake fassara wa kansa abin da ya gani gwargwadon abin da ya riga ya cika masa zuciya, kuma shi ne yake fita da wannan fassarar ya shiga da ita ɗakin matarsa, ko majalisar abokansa, ko kasuwa. Wannan rabon aikin nasa ne shi kaɗai, babu daraktan da zai ɗauke masa shi. Allah Maɗaukaki Ya ce a cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, lalle ji da gani da zuciya, dukkan waɗannan abin tambaya ne a kansu. Ku lura da yadda aka jero su. Ji da gani su ne ƙofofin shiga, zuciya kuwa ita ce take zama da abin da ya shigo, ta tace shi ko ta haɗiye shi ɗanye, kuma ita ma ba a ƙyale ta ba a wajen tambaya.

Tarihin kallo a ƙasar Hausa shi kansa shaida ne a kan wannan. Kakanninmu sun fara da majigi, wanda Turawan mulki suke yawo da shi a mota gari gari, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, ana nuna tsaftar gida da noman gyaɗa da zuwan manyan baƙi. Daga nan gidajen sinima suka zo, aka buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, kuma malamai da dattawa ba su karɓe su hannu biyu ba. Lokacin da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951, mutane sama da 300 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, da yawa daga mutanen gari sun ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka kallo bai tsaya ba. 'Yan kasuwa Kwarori, masu yawancin gidajen sinimar, suka fara shigo da fina-finan Indiya, kuma cikin ɗan lokaci suka fi na Amurka da na Ingila karɓuwa a wurin Bahaushe.

A nan ne abin lura yake. Iyayenmu da suka cika Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado ba sa jin Indiyanci, kuma a lokacin babu fassara. Duk da haka za su fito su ba ka labarin fim tun daga farko har ƙarshe, su gaya maka wane ne azzalumi, wace ce aka yi wa auren dole, wane ɗa ne ya bi iyayensa, wane ne ya saɓa musu. Su da kansu suke gina ma'anar, da kayan ginin da suka zo da shi daga gida. Sun ga mata masu lulluɓi da kunya, sun ga surukai suna zaune gida ɗaya, sun ga talaka yana fafatawa da mai kuɗi a kan mutunci, sai suka ce wannan ai rayuwarmu ce. Har sunayen Hausa suka raɗa wa jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. A cikin waɗannan fina-finai akwai gumaka da ɗakunan bauta da zagaya wuta ranar aure, amma mafi yawan masu kallo suka kawar da kai daga gare su, domin tauhidin da ke zukatansu ya riga ya yanke hukunci cewa wannan ba nasu ba ne. Wasu masu bege a Kano, waɗanda aka sani da Ushaƙu Indiya, har karin waƙoƙin suka ɗauka, suka zubar da kalmomin soyayya, suka ɗora yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna rerawa da bandiri. Malamai sun yi saɓani kan dacewar hakan, kuma ba shi ne abin da nake son warwarewa a nan ba. Abin da nake so mu gani shi ne, mai kallo yana da hannu mai ƙarfi a kan abin da yake kallo, yana ɗauka, yana zubarwa, yana sauya wa abu fuska. Masu bincike irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, sun daɗe suna rubutu a kan wannan hali namu.

To idan zuciya ta iya ƙin gunki da ta gan shi a allo, me ya hana ta ƙin sauran? Amsar da ta bayyana gare ni ita ce, mun tsare babbar ƙofa mun bar tagogi a buɗe. Shirka bayyananniya mun san ta, mun gudu. Amma rawar saurayi da budurwa a cikin lambu, da kallon da ake yi wa juna, da keɓewa, da ɗaukar soyayya a matsayin abin da ya fi iyaye da hankali da addini ƙarfi, waɗannan sun shigo a hankali, da zaƙin sauti, ba tare da wani ya tsaya ya tambaye su daga ina ba. Da masana'antarmu ta fara fim ɗin bidiyo a 1990 da Turmin Danya, ba a daɗe ba rawa da waƙa suka zama gishirin miya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, an yi dokoki, an yi kame, an yi wa'azi a kan mumbari. Amma ku tambayi masu harkar, amsar da suka daɗe suna bayarwa ita ce abin da kasuwa take so ke nan, fim ɗin da babu waƙa kwantai yake yi. Wane ne kasuwar? Ni ne, kai ne, ke ce. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jiya da kuɗin kaset da faifai muke zaɓe, yau da data muke yi, domin duk minti ɗaya da ka ba wani shiri a YouTube shaida ce da ake ƙirgawa, kuma da ita mai shirin yake gane abin da zai ƙara yi.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne gidajen aure. Fim ya zama mudun da ake auna miji da mata. Yarinya ta shekara bakwai ko takwas tana kallon jarumin da ba ya zuwa kasuwa, ba ya dawowa da gajiya, ba ya fama da kuɗin haya ko na makaranta, aikinsa kawai ya tsara kalamai ya miƙa makullin mota. Ta yi aure, ta tarar da bawan Allah mai fita tun asuba neman halal, wanda soyayyarsa tana cikin buhun masarar da ya sauke da maganin da ya saya wa mahaifiyarta, sai ta ga kamar an cuce ta. Shi ma namijin ya cika idonsa da matan da aka ɓata sa'o'i ana yi musu kwalliya, aka haska su da fitilu, aka gyara hoton a kwamfuta, sai ya dawo gida ya dubi wadda ta wuni tsakanin murhu da wanki da goyo, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Dukansu biyu kallon kitse suke yi wa rogo. Abin da suke kwatanta rayuwarsu da shi bai taɓa wanzuwa ba, ko a gidan su masu wasan. Falon aro ne, motar aro ce, kalmomin wani ne ya zauna ya rubuta, kuma sau da yawa sai an maimaita ɗauka kafin murmushin ya fito yadda ake so. Allah Ya gargaɗi Annabinsa, a Suratu Ɗaha aya ta 131, da kada ya miƙa idanunsa zuwa ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi na ƙawar rayuwar duniya. Kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu, a hadisin da Muslim ya ruwaito, da mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama da mu, domin hakan ya fi kusa da hana mu raina ni'imar Allah. Idan an hana mu miƙa ido ga dukiyar gaske da ke hannun maƙwabci, ina ga dukiyar da aka aro domin kyamara?

Haka zargi yake shiga. Matar da ta ga kishiya ashirin a allo, kowacce da ƙullin magani a ƙugunta, ranar da mijinta ya ce zai ƙara aure ba mace take jira ba, mayya take jira. Amarya za ta shigo da sallama da kyakkyawar niyya, ta tarar an riga an yanke mata hukunci. Haka uwar miji, haka ɗan kishiya, haka 'yar aiki, haka malamin zaure, kowa an riga an ɗinka masa riga a fim, mu kuma muna ɗaukar rigar mu saka wa na kusa da mu ko ta yi masa daidai ko ba ta yi ba. Marubucin labari yana buƙatar mugu domin labarinsa ya yi armashi, amma ke, 'yar'uwa, ba kya buƙatar mugu a gidanki. Allah Ya ce ku nisanci da yawa daga zato, lalle sashen zato zunubi ne. Ban ce babu miyagun kishiyoyi ko azzaluman maza ba, akwai su, kuma akwai matan da wani fim ya sa suka gane cewa zaluncin da ake yi musu ba addini ba ne, suka kai kuka wurin magabata aka share musu hawaye. Wannan amfani ne mai kyau. Bambancin yana wurin tambayar da mutum yake yi wa kansa, shin abin nan da na gani ya buɗe mini ido ne a kan gaskiyar da ke gabana, ko kuwa ya rufe mini ido ne har na daina ganin mutumin da ke gabana?

Akwai wata hujja da muke yawan kare kanmu da ita, wato ai akwai darasi a ciki. Lalle a kan samu darasi, amma mu yi wa kanmu adalci. Idan an shafe awa biyu ana nuna yadda ɗan daba yake taƙama, ana tsoronsa, yana da yara, yana da kuɗi, an ba shi kalamai masu kaifi da kiɗa na musamman duk sanda ya fito, sannan a minti biyar na ƙarshe aka kama shi ko ya tuba, wanne ne yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai riƙe? Ku saurari unguwa washegari. Ba za ku ji yara suna maimaita kalaman nadama ba, kirarin bos za ku ji, tafiyarsa za ku gani, da irin askinsa. Mai shirin yana iya rantsuwa cewa nufinsa ya nuna ƙarshen ɓarna, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma nufin mai shiri ba shi ne yake shiga zuciyar mai kallo ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Fir'auna da Ƙaruna da matar Azizu, bai ɓoye laifinsu ba, amma bai ƙawata shi ba, kuma da ya kammala ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, sai ya ce lalle a cikin labarinsu akwai abin lura ga ma'abota hankali. An ɗaure darasin da hankalin mai sauraro. Wanda ya zauna kallo ya ajiye hankalinsa a waje, ko da darasin ya kai girman Dala ba zai gan shi ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya saba fitowa a mugu sai a riƙa zaginsa a hanya, wadda ta fito a karuwa sai a yanke cewa halinta ne, a bi ta da ƙazafi a Facebook da TikTok. Waɗannan mutane Musulmi ne, suna da iyaye da 'ya'ya, kuma mutuncinsu haramun ne a kanka kamar na kowane Musulmi. Kana da damar ƙin sana'ar, kana da damar yin nasiha da ladabi, amma jifan mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba laifi ne da Suratun Nur ta yanka wa bulala 80, kuma shaharar wadda aka jefa ba ta sauke wannan hukunci.

Sai kuma fina-finan da ake kira na addini, waɗanda a ganina nan ne muka fi sakin jiki, domin mutum yana zama gabansu da jin cewa ibada yake yi. Da yawa daga cikinmu mun taso da fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad ya fitar a 1976, aka ɗauke shi a Maroko da Libiya. Mai shirin ya kiyaye, bai nuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba, bai sa muryarsa ba, bai nuna halifofi huɗu ba. Duk da haka, ku tambayi kanku, idan aka ambaci Sayyidina Hamza, Allah Ya yarda da shi, fuskar wa take faɗo muku a rai? Ga waɗanda suka kalli na Turanci, fuskar Anthony Quinn ce, ɗan wasan da aka haifa a Meziko, wanda ba Musulmi ba ne. Wannan ƙarfin hoto ke nan, idan ya zauna a zuciya da wuya karatu ya tumɓuke shi. Daga baya aka yi wani mai dogon zango a Iran a 2008 kan Annabi Yusuf, alaihis salam, aka sa mutum ya fito a matsayinsa, aka fassara shi da Hausa, ya shiga gidaje da wayoyi. Na sha ganin hoton ɗan wasan yana yawo, mutane suna rubuta salati da addu'a a ƙarƙashinsa, kuma akwai yaran da idan ka ce su ba ka ƙissar Annabi Yusuf, abin da suka gani za su ba ka, da duk ƙarin da marubucin ya cusa domin labarin ya yi tsawo, ba abin da ke cikin ayoyi 111 na surar ba. Malaman Azhar da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka sun hana a kwaikwayi Annabawa, kuma wanda ya ga abin da hoton nan ya yi a zukatan yara zai gane hikimar hanin.

Haka abin yake game da fina-finan tarihi na Turkiyya, kamar wanda gidan talabijin ɗin gwamnatinsu ya fara nunawa a 2014 kan Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa daularsu. Matasanmu sun so shi, sun ga salla da zikiri da jarumta, kuma ba na musun cewa ya tayar wa wasu da kishin addini. Amma abin da littattafan tarihi suka adana game da mutumin kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da aka nuna ƙirƙira ce ta marubuta. Matsalar tana farawa ne ranar da matashi ya tsaya a majalisa yana kafa hujja da shi kamar ya karanto daga littafi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Idan fim ya sa ka ƙaunar wani bawan Allah na baya, to ka ɗauki wannan ƙaunar ka kai ta gaban malami, ka buɗe littafin sira ko na tarihi, ka tantance. Aƙida da hukunci da tarihin Annabawa ana ɗaukar su ne daga masu isnadi, ba daga wanda yake tunanin yadda zai riƙe masu kallo har zango na biyar ba.

Yanzu kuma kallo ya bar falo ya koma tafin hannu. A da iyali suna zama wuri ɗaya, idan abin kunya ya taso uba ya yi gyaran murya, uwa ta aiki yaro ɗebo ruwa, wani ya tashi ya sauya tasha, kuma wannan gyaran muryar kaɗai makaranta ce, domin yaro yana koyon cewa akwai abin da ba a zama a kalla. Yau ana kai memori shagon masu tura fina-finai a cika shi da na Indiya da na Koriya da na Sin, duk an fassara su da Hausa, yaro ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa. Fassarar nan ta cire shingen harshe da ya kare iyayenmu daga wasu kalamai, kuma masu fassarar sukan ƙara nasu gishirin na barkwanci da habaici da ba ya cikin asalin maganar. Babu wanda yake kusa da yaron da zai ce masa wannan ƙarya ce, wannan haramun ne, wannan al'adarsu ce ba tamu ba. Shi kaɗai yake fassara wa kansa, da hankalin shekara goma sha biyu. Ya ku iyaye, dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Ƙwace waya kaɗai ba ya wadatarwa, domin zai gani a hannun abokinsa. Ku zauna ku kalla tare da su wani lokaci, ku tambaye su wa ya burge su kuma don me, ku saurari amsar ba tare da tsawa ba, domin a cikin amsar ne za ku ga abin da yake tsirowa a zuciyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa duk nishaɗi haramun ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasan mashi a cikin masallaci, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsaya yana kare Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, da mayafinsa tana kallo, har sai da ita da kanta ta gaji. Ku dubi abin da aka kalla, da inda aka kalla, da wanda aka kalla tare da shi. Akwai shirye-shiryen da suka sa mutane suka kai 'ya'yansu rigakafi, akwai waɗanda suka sa wani ya tuna da mahaifiyarsa ya ɗauki waya ya nemi gafararta, akwai waɗanda suka nuna wa mai hali halin da almajiri yake kwana a ciki. Allah Ya yabi bayinsa a Suratuz Zumar, waɗanda suke sauraron magana sai su bi mafi kyawunta. Amma wannan yabo ba lasisi ba ne na zama gaban tsiraici da sunan tsintar alheri, domin umarnin runtse ido a Suratun Nur bai ware allo ba, kuma da Jarir bin Abdullahi ya tambayi Annabi game da kallon ba-zata, cewa ya yi ya kawar da idonsa. Sannan ga lokaci. Mai dogon zango an gina shi ne domin kada ka tashi, kowane kashi yana ƙarewa a inda zuciya za ta rataya. Mutum nawa ne suka ce bari in ƙara ɗaya, har ƙarfe biyun dare, asuba ta wuce su suna barci? Ni'imomi biyu ne, in ji Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu, lafiya da sarari.

Amfani na ƙarshe da muke yi da fim, wanda iyayenmu ba su san shi ba, shi ne yankowa da yaɗawa. Ka ga wani wuri ya ba ka dariya ko ya motsa ka, ka yanko daƙiƙa talatin ka ɗora a WhatsApp, ko ka hau muryar ka kwaikwaya a TikTok. A wannan lokacin ka tashi daga mai kallo ka koma mai nunawa. Wata tana yanko maganar habaici domin kishiyarta ta gani, wani yana yanko rawa domin ya tara mabiya, wani kuma yana yanko wurin da aka ci mutuncin wata ƙabila ko wani malami. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ga shiriya yana da lada kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi, wanda kuma ya yi kira zuwa ga ɓata yana da zunubi kwatankwacin nasu, ba tare da an rage musu komai ba. Abin da ka ɗora yana iya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya bayan an mayar da ƙasa a kanka, kuma ba ka da ikon dawowa ka goge.

Wani sahabi mai suna Shakal bin Humaid, Allah Ya yarda da shi, ya zo wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya roƙe shi ya koya masa addu'ar neman tsari. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito abin da ya koya masa: Ya Allah, ina neman tsarinKa daga sharrin jina, da sharrin ganina, da sharrin harshena, da sharrin zuciyata, da sharrin sha'awata. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya haddace ta, ya koya wa iyalinsa, ya kuma karanta ta kafin yatsansa ya taɓa allon wayarsa a daren yau.